Madubin da Aka Cire: Tarihin Gasar Kamfanonin Kyamara da Abin da Ya Rage Musu Su Sayar

Cikin wata guda na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle duniya a ɗaka, abubuwa uku sun faru a masana'antar kyamara. Ranar 24 ga Yuni, kamfanin Olympus na ƙasar Japan, wanda ya shafe shekara 84 yana ƙera kyamara, ya ba da sanarwar zai sayar da wannan sashe nasa ga wani kamfanin zuba jari mai suna Japan Industrial Partners. Ranar 9 ga Yuli, Canon ya fito da EOS R5, kyamara marar madubi wadda babu mai iya ce mata gwaji ko wasan yara. Makonni biyu bayan haka, kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya bayyana cewa masu ɗaukar masa hoto da bidiyo a faɗin duniya za su koma aiki da kayan Sony.

Olympus yana ɗaya daga cikin kamfanoni biyun da suka buɗe kasuwar kyamara marar madubi a 2008, ga shi ya tattara kayansa. Canon ya yi shekara goma yana jan ƙafa, ga shi yana shirin zama a kan gaba. Sony, wanda shekara goma sha biyar kafin nan ba shi da ko kyamara ɗaya mai canjin gilashi, ya karɓe ɗaya daga cikin manyan gidajen jarida na duniya. Wanda ya fara, da wanda ya tilasta wa kowa sauyawa, da wanda ya fi kowa ciniki a ƙarshe, kamfanoni uku ne daban. Dalilin haka yana cikin wani ƙaramin zoben ƙarfe da ke gaban kowace kyamara, wanda mai saye ba ya ko kallonsa a ranar da ya biya kuɗi.

Madubi da baki

Babbar kyamarar ƙwararru, tun daga Nikon F ta 1959 har zuwa nau'in dijital da ake kira DSLR, tana da madubi a cikinta, a karkace, tsakanin gilashin gaba da inda hoto ke sauka. Haske ya shigo ta gilashi, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da mai hoto ke leƙawa, sai ya ga ainihin abin da kyamara ke gani. Da ya danna maɓalli, madubin ya ɗaga, labulen da ke bayansa ya buɗe, haske ya faɗa kan fim, sannan komai ya koma mazauninsa. Wannan ɗagawa da faɗuwa ita ce ƙarar "ƙas" ɗin da aka saba ji a taron manema labarai.

A zamanin fim babu wata dabarar da ta fi wannan, domin fim ba ya iya nuna wa mutum abin da ke gabansa sai an wanke shi. Da farantin lantarki mai kama haske, wato sensa, ya maye gurbin fim, hujjar ta raunana. Sensa tana iya aika abin da take gani kai tsaye zuwa ɗan ƙaramin allo a cikin tagar leƙe. Idan haka ne, me madubin yake yi a wurin, ban da cin fili da ƙara nauyi?

Cire shi kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, saboda ɗakin da madubin ke lilo a ciki shi ne ya ƙayyade tazarar da ke tsakanin sensa da zoben da ake ɗaura gilashi a kai, wanda za a iya kira bakin kyamara. A tsohon bakin Nikon, mai suna F, tazarar milimita 46.5 ce. A na Canon, EF, milimita 44. Kowane gilashi an lissafa shi ne bisa wannan tazara. In aka cire madubi aka matso da baki kusa da sensa, an sami sabon baki ke nan, kuma sabon baki yana bukatar sababbin gilasai.

A nan dukiyar take. Jikin kyamara yana tsufa cikin shekara huɗu ko biyar, gilashi mai kyau kuwa yana iya yin shekara ashirin yana aiki. Ƙwararren da ya tara gilasai shida na Canon ya zuba kuɗin da ya fi na jikin kyamarar ninki da yawa, kuma ba zai tsallaka zuwa Nikon ba don kawai an fito da sabon samfuri a can. Canon ya yi bikin ƙera gilashin EF na miliyan 100 a 2014, Nikon ya kai wannan adadi a nasa gilasan a 2016. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gilasai igiya ce da ta ɗaure mai shi ga kamfanin. Ranar da kamfani ya sauya baki, ranar ya kwance igiyar da hannunsa, ya ba abokin cinikinsa damar ya waiwaya ya ga abin da maƙwabta ke sayarwa.

Canon ya san wannan fiye da kowa, domin ya taɓa yi. A 1985 kamfanin Minolta ya girgiza kasuwa da kyamarar da ake kira 7000, mai saita gani da kanta. Amsar Canon ita ce ya watsar da bakinsa na FD gaba ɗaya a 1987, ya kawo EF, wanda lantarki kaɗai ke haɗa shi da jikin kyamara. Masu tsofaffin gilasai sun fusata ƙwarai. Amma cikin shekarun 1990 fararen gilasan Canon suka cika gefen filayen wasanni, Nikon da ya riƙe tsohon bakinsa ya koma na biyu. Shi kuwa Minolta, kamfanin Honeywell na Amurka ya maka shi a kotu kan haƙƙin fasahar saita gani, ya biya dala miliyan 127.5 a 1992. Ya haɗe da Konica a 2003, sannan a 2006 ya bar sana'ar kyamara, ya miƙa wa Sony bakinsa da wasu daga cikin injiniyoyinsa. Ta wannan ƙofa Sony ya shigo.

Waɗanda ba su da abin asara

Ranar 5 ga Agusta, 2008, Olympus da Panasonic suka sanar da tsarin Micro Four Thirds. Kafin ƙarshen shekarar, Panasonic ya fitar da Lumix G1, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko a wannan zuriya, Olympus ya biyo da PEN E-P1 a tsakiyar 2009. Ba abin mamaki ba ne da sauyin ya fito daga waɗannan biyun. Panasonic kamfanin talabijin da kayan lantarki ne, ba shi da tarin gilasan da zai yi wa kishi. Olympus kuwa ya gwada fafatawa a kasuwar DSLR tun 2003 bai kai ko'ina ba. Wanda ke kwance ba ya tsoron faɗuwa.

Sun zaɓi sensa ƙarama, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na girman fim ɗin milimita 35, domin kyamara da gilashi su yi sauƙin ɗauka. Lissafinsu shi ne akwai miliyoyin mutane masu ƙananan kyamarorin aljihu waɗanda ke son hoto mai kyau amma suna gudun nauyin DSLR. A lokacin lissafin daidai ne. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarar dijital kusan miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya, mafi yawansu na aljihu. A wannan shekarar ce kuma iPhone 4 da Instagram suka bayyana. Matakalar da Olympus da Panasonic suka gina don masu kyamarar aljihu su hau, wayar hannu ta zo ta kwashe mutanen da ke gindinta.

Sauran kamfanoni sun shigo ɗaya bayan ɗaya. Samsung na Koriya ta Kudu ya kawo NX10 a farkon 2010, Sony ya kawo NEX-3 da NEX-5 a watan Mayu da sabon baki mai suna E, Fujifilm ya kawo X-Pro1 a 2012. Yadda manyan biyun suka shigo shi ya fi komai ba da labari. Nikon ya fito da jerin Nikon 1 a Satumbar 2011 da sensa mai inci ɗaya, wadda ba ta kai kashi ɗaya bisa bakwai na cikakkiyar sensa ba. Canon ya fito da EOS M a 2012, mai jinkirin saita gani, kuma a tsawon rayuwar wannan baki gilasai takwas kacal ya ƙera masa. Ba rashin iyawa ba ne. Nikon 1 tana da saurin da ya ba masana mamaki a lokacin. An dai auna kyamarorin ne da kyau don kada su kai ga cin kasuwar DSLR, wadda a 2012 ta kai ƙololuwarta da sama da miliyan 16. Wane shugaban kamfani ne zai yanka saniyar tatsa a shekarar da ta fi ba da nono?

Yana da sauƙi yau a kira wannan sakaci. Alƙaluman lokacin ba su nuna haka ba. Daga 2012, da CIPA ta fara ƙirga marasa madubi daban, har zuwa 2019, adadinsu yana yawo ne tsakanin miliyan 3 da miliyan 4 da 'yan kai a shekara. A Japan da wasu ƙasashen Asiya sun karɓu, a Amurka da Turai kuwa mai saye yana ganin ƙaramar kyamara a matsayin ƙaramin kaya. Wanda ke zaune a ofishin Canon a 2014 yana da hujjar cewa abin yayi ne. Abin da adadin ya ɓoye shi ne irin mutanen da suka fara saye, da irin kuɗin da suka fara biya.

Samsung ya ba da misalin cewa fasaha kaɗai ba ta isa ba. NX1 ɗinsa ta 2014 ta sha yabo, ta kuma riga tsararrakinta a abubuwa da dama, amma babu tarin gilasai a bayanta, babu ƙwararrun da suka amince kamfanin zai daɗe a sana'ar. Zatonsu ya tabbata: daga ƙarshen 2015 ya fara janyewa daga kasuwanni, ba tare da wata doguwar sanarwa ba.

Abin da Sony ya gani

A Oktoban 2013 Sony ya fitar da a7 da a7R, ya cusa cikakkiyar sensa, mai girman fim ɗin milimita 35, a cikin bakin E wanda da yawa suka ɗauka an yi shi ne don ƙananan kyamarori. Da wannan ya juya ma'anar kayan baki ɗaya. Marar madubi ta daina zama matakalar mai koyo, ta zama abokiyar hamayyar kyamarar ƙwararru. Samfuran farko suna da aibu a fili: batir ba ya daɗewa, saita gani ba ta da sauri, gilasai kaɗan ne. Sai dai gajeriyar tazarar bakin, milimita 18, ta ba da wata dama. Da ɗan zoben adafta, ana iya ɗaura gilashin Canon, ko na Nikon, ko tsohon na Leica, a jikin Sony. Igiyar da ta ɗaure abokin ciniki ta sami wuƙa. Mai gilasan Canon yana iya gwada Sony ba tare da ya sayar da komai ba.

Akwai kuma shawarar da Sony ya yanke tun 2011, ta buɗe wa sauran masu ƙera gilashi bayanan bakin E ba tare da karɓar kuɗi ba. Sigma da Tamron da Zeiss, daga baya da kamfanonin ƙasar Sin, suka cika masa rumbun da shi kaɗai da ya ɗauki shekaru kafin ya cika.

Babban makamin Sony dai ita ce sensar kanta. Shi ne kan gaba a duniya wajen ƙera ta, yana riƙe da kusan rabin kasuwar idan aka auna da kuɗi, kuma manyan masu saye su ne kamfanonin waya, Apple a sahun farko. Wayar da ke kashe kasuwar kyamara ita ce ke biya wa Sony kuɗin bincike da gina masana'antu. Da yawa daga cikin abokan gasarsa, har da Nikon da Fujifilm da Olympus, a wurinsa suke sayen sensa. Da girgizar ƙasa ta afka wa masana'antarsa ta Kumamoto a Afrilun 2016, ba kayan Sony kaɗai suka yi ƙaranci a shaguna ba. A kyamara mai madubi, sensa ɗaya ce daga cikin sassa, tana aiki tare da madubi da labule da wata na'urar saita gani ta daban, kuma a waɗannan ne Canon da Nikon suka yi shekara hamsin suna gogewa. A marar madubi, sensa ce ke gani, ita ke saitawa, ita ke auna haske. Cire madubi ya ɗauke fagen daga hannun maƙeran injin ya mayar da shi hannun maƙeran lantarki.

Shakkar ƙarshe ta ƙwararru ita ce sauri, kuma a9 ta Afrilun 2017 ta kawar da ita: hoto 20 a cikin daƙiƙa ɗaya, babu ƙara, kuma tagar leƙe ba ta yin duhu tsakanin hoto da hoto, abin da madubi mai ɗagawa ba zai taɓa iyawa ba. Ga mai ɗaukar hoto a kotu, ko a filin wasan golf, ko a wurin jana'iza, shirun kaɗai ya isa dalili. A Fabrairun 2018 a7 III ta zo a kan dala 2,000, ta sauko da yawancin wannan iyawa zuwa aljihun mai hoton biki. Ita ce ta sa jan ƙafa ya zama haɗari.

Cikin makonni biyar na 2018 kowa ya bayyana hannunsa. Nikon ya sanar da Z6 da Z7 a ƙarshen Agusta, da baki mai faɗin milimita 55 da tazarar milimita 16, bayan shekara 59 yana riƙe da bakin F. Canon ya biyo da EOS R da bakin RF a farkon Satumba. A baje kolin Photokina na birnin Kolon a Jamus, Leica da Panasonic da Sigma suka ƙulla ƙawance a kan baki ɗaya mai suna L. Wannan ne Photokina na ƙarshe. An dakatar da shi a 2020, bayan shekara saba'in.

Manyan biyun sun makara da shekara biyar, kuma samfuransu na farko ba su kai na Sony ba. Abin da ya cece su shi ne adaftar da kowannensu ya yi wa tsofaffin gilasansa. Ta Canon ta fi aiki sumul, albarkacin shawarar 1987 ta mayar da komai lantarki. Nikon ya biya bashin riƙon da ya yi wa tsohon baki: gilasansa masu dogaro da injin da ke jikin kyamara ba sa saita gani da kansu a kan adaftar. Ya kuma shiga sauyin a raunane, bayan rage ma'aikata sama da dubu a Japan a 2017, ya tafka asara a shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2021, ya kwashe ƙera jikin kyamara daga Sendai zuwa Tailan. Z9 ta Oktoban 2021, wadda aka cire mata har labulen inji, ita ta dawo masa da martaba.

Olympus bai kai wannan gaɓa ba. Badaƙalar 2011, lokacin da shugabansa Michael Woodford ya tono asarar kusan dala biliyan 1.7 da aka ɓoye shekaru da dama, ta bar kamfanin ƙarƙashin idon masu hannun jari waɗanda suka ga cewa ribar tana wajen na'urorin duba cikin majiyyaci, sashen kyamara kuwa asara yake jawowa shekara bayan shekara. Kasuwa kuma ta karkata zuwa babbar sensa, shi yana riƙe da ƙarama. Kyamarorinsa suna nan da sunan OM System, masu ɗaukar tsuntsaye da matafiya suna son su, amma a gefen kasuwa. Fujifilm ya bi wata hanyar: ya ƙi shiga faɗan cikakkiyar sensa sam, ya tsaya a matsakaiciya, ya yi tsalle zuwa wadda ta fi cikakkiyar girma da jerin GFX a 2017, ya mayar da kamannin tsohuwar kyamara da launukan tsofaffin fina-finansa abin sayarwa. X100VI ta 2024 ta yi watanni ba ta samuwa a shaguna saboda rububi, kuma matasan TikTok ne suka hura wutar.

Lissafin gaba

A farkon 2019 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya yi hasashen cewa kasuwar kyamara mai canjin gilashi tana iya raguwa da rabi cikin shekara biyu, ta tsaya a wajen miliyan 5 zuwa 6. Annoba ta taimaka wa hasashen: a 2020 jimillar ta sauka zuwa kusan miliyan 5.3, kuma a wannan shekarar ce marasa madubi, da kusan miliyan 2.9, suka fara wuce DSLR, mai kusan miliyan 2.4. A ƙarshen 2021 Mitarai ya tabbatar da cewa EOS-1D X Mark III ce babbar DSLR ta ƙarshe da kamfaninsa zai ƙera. A 2024 marasa madubi sun kai kusan miliyan 5.6, DSLR ta tsaya a bakin miliyan 1. Canon ne ke kan gaba a yawan marasa madubin da ake sayarwa, Sony na biye, Nikon na uku da tazara mai faɗi.

Waɗannan alƙaluma suna karantuwa ta fuska biyu, kuma kamfanonin sun fi son fuska ta farko. Marasa madubi sun kusa ninkawa cikin shekara huɗu. Yawan kyamarar da ake fitarwa ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari daga 2010, amma kuɗin da ake samu ya ragu ne da kusan rabi kacal, wato matsakaicin farashin kyamara ya ninka sau shida ko bakwai. Masana'antar ta koyi sayar da kaɗan da tsada, kuma sassan kyamara na Canon da Nikon da Sony da Fujifilm duk suna cin riba.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Idan aka haɗa masu madubi da marasa shi, jimillar 2024 kusan miliyan 6.6 ce, ƙasa da kusan miliyan 8.5 na 2019, kuma kashi ɗaya bisa uku na miliyan 20 ɗin 2012. Kaso mai tsoka na cinikin waɗannan shekaru ƙaura ce: mutumin da ya riga ya mallaki DSLR yana sauya jiki, sannan a hankali yana sauya gilasansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaura tana da ƙarshe, kuma tafkin da ake ɗiba daga ciki ya kusa ƙafewa. Faɗuwar darajar yen ma ta kumbura ribar da ake ƙirgawa a Tokyo, domin kusan duk kayan a waje ake sayar da su. Sannan kyamarorin sun kai matsayin da samfurin shekara biyar da suka wuce yana biya wa yawancin masu sana'a bukata. Sony ya fitar da a9 III a ƙarshen 2023, mai sensar da ke karanta dukan hoto a lokaci guda, babban ci gaba ne, amma mutum nawa ne aikinsu ke bukatarsa a kan dala 6,000?

Abin da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne ƙasan matakala. A 2003 Canon ya sauko da DSLR ƙasa da dala 1,000, kuma shekaru goma bayan haka ana samun ta da gilashinta a kan rabin wannan. Miliyoyin ɗalibai da iyaye sun shiga ta nan, kaɗan daga cikinsu suka zama ƙwararrun da ke sayen gilashin dala 2,000 a yau. Kamfanonin sun rage wa wannan mataki kulawa saboda ribarsa kaɗan ce, waya kuma ta cinye shi. A wurare irin su Kano da Kaduna, inda faɗuwar naira da tsadar dala suka sa sabuwar kyamara ta yi wa mai farawa nisa, kayan gwanjo ne ke riƙe da sana'ar hoton biki da bidiyo: tsofaffin DSLR da gilasan EF da F waɗanda masu ƙaura a Turai da Amurka suka saki. Mai saye ya ci riba, kamfani kuwa bai ga ko sisi ba, sai dai fatan wata rana wannan mutum zai hau sabon bakinsa.

Shi ya sa faɗan ya koma kan baki, inda ya faro. Canon ya tsare RF da kyau. A 2022 kamfanin Viltrox na ƙasar Sin ya janye gilasansa masu saita gani da kansu na wannan baki bayan gargaɗin Canon, kuma sai a Afrilun 2024 aka ba Sigma da Tamron lasisi, shi ma da gilasan matsakaiciyar sensa suka fara. Manufar a fili take: ribar gilashi ta zauna a gida. Farashinta shi ne matashin da ke lissafin kuɗinsa yana ganin gilasai masu araha birjik a bakin Sony. A gajeren zango Canon ne ke da gaskiya, alƙaluman ribarsa sun shaida. A dogon zango lamarin ya dogara ga inda sababbin shiga suka fara ɗaura gilashinsu na farko.

Sababbin shigar kuwa yawancinsu ba hoto ya kawo su ba, bidiyo ne. Panasonic ya gane haka tun GH4 ta 2014, Sony ya ware jerin ZV don masu YouTube, Nikon ya sayi kamfanin RED na Amurka, mai ƙera kyamarar fim, a 2024, domin ba shi da gadon bidiyo irin na abokan gasarsa. Ƙasar Sin ta zama kasuwar da ta fi bunƙasa cikin shekarun nan, yayin da harajin shigo da kaya da Amurka ta ƙaƙaba a 2025 ya sa manyan kamfanonin ƙara farashi a can.

Daga ƙasar Sin ɗin ne kuma barazanar da ba ta cikin jadawali take tasowa. Ƙididdigar CIPA ta kamfanonin da ke ba ta alƙaluma ce, kusan dukansu na Japan. DJI, mai ƙera jirage marasa matuƙi, wanda kuma ke da rinjayen hannun jari a Hasselblad na Suwidin, ba ya cikinta. A Oktoban 2023 ya fitar da Osmo Pocket 3, 'yar kyamarar bidiyo mai tsawon tafin hannu, a kan dala 500 da 'yan kai, wadda masu shirya bidiyon intanet suka yi wa rububi, da yawansu mutanen da Sony da Canon suka ƙera wa ƙananan marasa madubinsu. Ba a canja mata gilashi, saboda haka ba ta da bakin da za a yi faɗa a kansa. Sensarta inci ɗaya ce, girman ta Nikon 1 da aka daina ƙerawa a 2018.